Filin Kiwo: Ƙwan dinya ba ƙwan kaza ba ne

  

Wannan karon saƙo ne ya zo mini daga wata ƙungiya ta wajen Tasawa. Ɗaya daga cikinsu ta tafi biki Yamai, ta ga dinya a gidan da suka sauka, ta tambayi kuɗinta, da aka faɗa mata sai da ta dafe ƙirji. Tun da ta komo ba ta da zance sai na dinya. Yanzu suna shawarar fidda kuɗi daga akwati su sayi injin ƙyanƙyasa da ƙwai 30, suna so in ce musu bisimilla. To ba zan ce ba tukuna. Ku ba ni aron kunnenku, in na gama sai ku koma ku zauna ku yanke abin da ya fi muku.

Don kada a ruɗe, ba ɗinyar da yara ke sha nake nufi ba, ba kuma dinyar dajin nan baƙa da ke sauka a tabki ba. Ta gida nake nufi, babbar tsuntsuwar nan mai dogon wuya, fara ko mai ruwan toka, wadda in baƙo ya shigo sai unguwa duka ta ji.

Ni ma na taɓa yin irin wannan zumuɗi. A watan Afrilu na sayi ƙwai 8 wurin wani mai kaji a kasuwa, na ƙulle su a kwali, na hau mota da su. Da na iso gida na zuba su duka ƙarƙashin kazata guda, ƴar ƙaramar kazar gida wadda ko rabinsu ba ta rufe ba. Da kwana 21 ya cika ban ji motsi ba, na ƙara kwana ukku, sai na ce baragurbi ne, na fasa. Shida ruwa ne zalla, mai wari. Biyu kuwa da ɗa a ciki, yana motsi. Da hannuna na kashe su. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, ga kuma kuɗin da na biya wata biyu ina biya.

Kuskurena na farko lissafi ne. Kaza kwana 21 take ƙyanƙyasa, zabuwa 26 zuwa 28, agwagwarmu ta gida mai jan fuska 35. Dinya tana tsakani: kwana 28 zuwa 32, mafi yawa wajen 30, manyan iri ma sukan ɗara haka kaɗan. Ranar da kika sa ƙwai, ki sa a rubuta miki a littafin ƙungiya ko ki ja layi da gawayi a bango, kada ki dogara da "ina ji ranar kasuwar da ta wuce ce".

Kuskure na biyu, inda na sayi ƙwan. Mai sayarwa a kasuwa bai san ranar da aka yi shi ba, ko ya sani ba zai faɗa miki ba. Ƙwan da za a sa kwanci bai kamata ya wuce kwana 7 ba, kuma a cikin zafinmu ɗan da ke ciki yakan fara tasowa tun yana tire, sannan ya mutu kafin ya kai gurbi. Ki je gidan mai dinyar da ƙafarki. Ki ga toro da idonki, ki ƙirga matan: toro guda mata ukku ko huɗu ya ishe shi, in sun fi haka ƙwai da yawa za su fito babu ɗa. Ki duba ko suna da wurin wanka, ko da rabin duro ne, don dinya ta fi son barbara a cikin ruwa. Ki tambayi shekarunsu kuma. Wadda ta fara ƙwai a shekararta ta farko, ƙwanta ƙanana ne kuma ba su cika ƙyanƙyasuwa ba, sai ta shiga ta biyu abin ke kankama. In mai gidan ya ƙi ki ga tsuntsayen, ki riƙe kuɗinki.

Idan kin samu ƙwan, kada ki wanke shi. Akwai wani rufi a bayan ɓawon da ido ba ya gani, shi ke hana ƙazanta shiga. In da kashi a jiki, ki goge da busasshen ƙyalle. Kada kuma ki sa shi a firigo, sanyin ya yi yawa. Wurin da ya fi dacewa a gidajenmu shi ne gindin randa: ki zuba ƙaiƙayi a ƙwarya, ki kwantar da ƙwan a gefensa, ki aza ƙwaryar bisa jiƙaƙƙen rairayin nan, kina juya shi sau ɗaya kullum har ranar da za ki sa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, wadda mai sayar da inji ba zai gaya muku ba. Ƙwai yana son zafin digiri 37 da rabi, ba ƙari ba ragi. Injin ƙyanƙyasa ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. A watan Afrilu da Mayu kuwa, daga Tawa har Damagaram, zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin ɗakin kwano da azahar. Ke nan ɗakin da kansa ya fi abin da ƙwan ke iya ɗauka zafi, injin yana kunne ko yana kashe. Awa kaɗan a irin wannan zafi ta isa ta dafa ɗan a cikin ɓawonsa. Kuma bazara ce lokacin da aka fi ɗauke wuta. Sannan shi kansa toron in zafi ya matsa ba ya da wani kuzari, ƙwai marar ɗa sai ya yi yawa.

Dinya ba kamar kaza take ba, ba ta yin ƙwai duk shekara. Tana da lokacinta, ta yi 20 ko 30 ko fiye kaɗan, ta tsaya sai baɗi. Nawa cikin sanyi suke farawa su zarce har bakin bazara. Abin da na koya shi ne in sa na farkon, waɗanda za su fito kafin zafi ya kama, na ƙarshen kuwa in soya ko in sayar wa mai ci. Ƙwan dinya guda ya kai na kaza ukku, yara biyu sun ƙoshi da shi.

Sai dai lokacin sanyi ma da tasa matsalar, wato bushewa. Dinya tsuntsuwar ruwa ce. Uwar takan tashi daga gurbi ta je ta yi wanka, ta komo da jiƙaƙƙen gashi ta zauna, ƙwan ya ɗan huce, ya kuma samu laima. Haka Allah ya tsara mata. A cikin hunturu, iskar da ke tsaga mana leɓe da dunduniya ita ce ke zuƙe ruwan ƙwai, fatar ciki ta bushe ta manne wa ɗan kamar leda, ya huda ɓawo amma ya kasa juyawa, ya mutu nan. Yawancin masu ce mini "sun kai har sun fasa baki amma ba su fito ba", wannan ne ya same su.

Shi ya sa, da za a bi ta tawa, kafin inji a fara da agwagwa. Kusan kowace ƙungiya ba a rasa mai agwagwa a cikinta. Ta saba da zaman kwana 35, don haka 30 ba ya gundurarta. Jikinta yana rufe ƙwan dinya 5 ko 6, tana da ƙarfin juya su, kuma in kin ajiye mata ruwa kusa, za ta yi wankan nan ta komo da laima ba tare da kin ce mata komai ba. Ba ta san an ɗauke wuta ba. Ki jira ta yi ƙwanta ta fara kwanci sosai, har in kin kai hannu ta yi miki huci, sannan da dare ki kwashe nata ki sa na dinyar. In kina son ta haɗa da nata, ki bar nata su riga da kwana 5 don su fito tare, amma ki rage yawan.

Kaza ma tana yi, sai dai aikin ya dawo kanki. Ƙaramar kazarmu ƙwai 2 ko 3 kawai take iya rufewa, kuma sun fi ƙarfin ta juya su. Ki ja alama da fensir ko gawayi a gefe guda, ki juya su da hannu safe da rana da dare, alamar in tana sama ta koma ƙasa. Ki yi mata gurbin a ƙasa, cikin ɗan rami a ɗakin laka mai sanyi, kina jiƙa ƙasar kewaye ba tare da shimfiɗar ta jiƙe ba. Daga sati na biyu, duk sa'ad da ta tashi cin abinci, ki yayyafa wa ƙwan ruwa mai ɗumi-ɗumi da yatsunki. Yayyafi na ce, ba wanka ba. Ki lura da ita kanta kazar, don kwana 9 aka ƙara mata bisa abin da ta saba: in ba ta tashi da kanta ki ɗaga ta ta ci ta sha, ki duba ƙuma da kwarkwata, su ne ke korar kaza daga gurbi. Kuma a tabbata an yi mata allurar annobar kajin nan da ke zuwa da sanyi, kada ta mutu ta bar miki ƙwai a rabin hanya.

Ita uwar dinyar tana rufe 10 zuwa 12, amma da ta fara kwanci ta daina ƙwai ke nan, shi ya sa masu ita suka fi so su ba wata ta zauna.

Wadda ta riga ta mallaki inji, da batir ko faifan hasken rana da zai riƙe shi dare da rana, ga nata. A kwantar da ƙwan a gefensa, kada a tsayar da shi kamar na kaza. A juya shi aƙalla sau ukku a yini. Laima ta tsaya wajen 50 zuwa 55 bisa ma'aunin injin, kada tasar ruwan da ke ciki ta ƙafe. Daga sati na biyu a buɗe sau ɗaya kullum na minti 10 zuwa 15 ya sha iska, a fesa masa ruwa mai ɗumi, a rufe. Ranar 26 ko 27 a daina juyi, a ƙara ruwa laima ta hau wajen 75, a kuma daina buɗe-buɗe.

Ko da wa kika sa, ranar kwana 10 ki haska ƙwan. Da dare, cikin ɗaki mai duhu, ki dunƙule hannu bisa fitilar salula ki aza ƙwan a kai ta wajen babban kan. Mai rai za ki ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin abu a tsakiya. Wanda haske ya ratsa tas babu ɗa, ki fidda shi. Wanda kika ga jan zobe ya kewaye shi, ya fara ne ya mutu, shi ma ki fidda kafin ya fashe ya ɓata sauran. Ki lura kuma da gurbin iskar da ke babban kan. Kullum yana ƙara girma, dab da fitowa ya karkace ya kai kusan kashi ɗaya cikin ukku na ƙwan. In tun a tsakiyar kwanaki ya yi wannan girman, bushewa ta yi yawa, ki ƙara laima.

Ranar fitowa ita ce ranar da hannu ke ƙaiƙayi. Za ki ji ɗan kuka daga ciki, sannan ki ga ƴar huda. Daga hudar nan zuwa fitowa yakan ɗauki yini guda cur, wani har kwana biyu. Ba maƙalewa ya yi ba. A cikin awannin nan ne yake janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin jinin da ke jikin fatar ƙwan kuma suna ƙafewa. In kika ɓare masa da wuri, jini zai zuba, ko ya fito da cibiya buɗe, kuma irinsu ba su cika kwana ba. Ki kore yara daga wurin, ke ma ki nemi aikin yi. Sai in kwana biyu sun wuce, kukan ya fara rauni, fatar ta bushe ta yi ruwan ƙasa, sannan ki jiƙa ta da ɗan ruwan ɗumi, nesa da hancinsa, ki ɓalli ɓawon kaɗan-kaɗan. Da kin ga ɗigon jini ki tsaya, ki maida shi, sai bayan wasu awanni.

Sun fito, barka. Amma ban ce a yi guɗa ba tukuna, don satin farko ya fi cin ɗiya bisa kwancin kansa.

Yinin farko ba su buƙatar abinci, gwaiduwar nan ce guzurinsu. Ruwa za ki fara ba su, ki tsoma bakin kowane ɗaya sau ɗaya ya gane. Mazubin ya yi zurfin da za su nutsa baki har hanci su wanke, amma kada ya isa su shiga ciki. Ki zuba tsakuwa a faranti mai ɗan zurfi, shi ke nan. Mutane na cewa ai ɗan ruwa ne, ruwa ba ya cin sa. Yana ci! Gashin haihuwar nan ba ya tare ruwa sai da maiƙon da yake samu daga jikin uwa. Wanda kaza ko inji ya fitar, in ya faɗa bokiti zai jiƙe sharkaf, sanyi ya kama shi ya mutu. Sai sun yi sati biyu za ki bar su su yi ɗan wanka da rana a ruwa marar zurfi, kina tsaye, ki kuma tsane su. Ruwan sama kuwa a kiyaye su da shi har gashin gaske ya rufe musu baya, wajen sati 6 zuwa 8.

Kada ki sa su bisa leda ko siminti mai santsi ko takarda. Ƙafafunsu za su baje gefe-gefe, kuma in kwana ya ja ba su komawa. Tsohon buhun algarara ko ƙaiƙayi ya fi, a canza kullum, don dinya akwai kashi. Da dare cikin sanyi, in babu uwa, ki cika kwalba da ruwan zafi ki naɗe da tsumma ki sa musu a kwali. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe su, yana kashe mutum ma. Ba sai kin nemi ma'auni ba: in sun cunkushe wuri guda suna kuka, sanyi suke ji, in sun watse suna haki da baki buɗe, zafi ne. Da rana kuwa inuwa dole.

Abinci shi ne inda dinya ta bambanta da duk abin da muka saba kiwo. Ciyawa take ci kamar tunkiya. Tun kwana na biyu ko na ukku ki yanka musu ɗanyen ganye ƙanana-ƙanana, salati ko zogale ko ƴar ciyawa mai taushi, ki watsa bisa ruwa ki sha kallo. Wannan ne ya sa da damana kiwonta kusan kyauta ne. Amma ku lura, ɗiyan da aka sa cikin sanyi tsakar rani za su fito, lokacin da ko tsinke kore babu a daji. Saboda haka wadda za ta riƙe su ta zama mai garka, ko mai ƴar uwa a garka da za ta riƙa ba ta ganyen bayan salati da na shu da ake zubarwa. A tambaya yaushe aka yi feshin magani, a kuma wanke.

Ganye kaɗai ba ya isa a satuttukan farko, dusa zalla ma ba ta isa, don girmansu na da sauri ƙwarai. In kina samun abincin ƴan tsaki na buhu, shi ne daidai. Na kaji masu ƙwai kada ki ba su, sinadarin ɓawon da ke ciki yana lalata musu ƙoda. In haɗawa za ki yi da kanki, ɓarzajjen gero ko masara da dusa, da tunkuza, da ɗan garin busasshen kifi marar gishiri. Tunkuzar tana da amfani ga ƙafa, don ɗiyan da aka riƙe da masara zalla sukan yi gwame su kasa tafiya. Amma a nan ki buɗe kunne: gyaɗa ko tunkuza ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke cin hanta, kuma ɗiyan agwagwa da na dinya sun fi ƴan tsakin kaza saurin mutuwa da shi. Abin da ba za ki ba ɗanki ba, kada ki ce bari a ba tsuntsaye. Ƙuli-ƙulin kasuwa mai gishiri da yaji shi ma a'a. In kin dama abincin da ruwa, ki dama wanda za su cinye nan take, don yana tsami da wuri. Ruwa kuma ya kasance kusa da abinci kullum, suna ci suna kurɓa, in babu sai ya shaƙe su. Ki zuba musu ɗan rairayi mai tsakuwa a gefe, ki share tsakar gida daga guntun leda da ƙusa da waya, don ba abin da ba su haɗiya.

Wani abin dariya, ɗan dinya abin da ya fara gani yana motsi shi ne uwarsa. Akwai wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, da ya yi suna da wannan bincike, ɗiyan dinya na bin sa a layi duk inda ya sa ƙafa, har ya samu kyautar Nobel a 1973. Ni ban samu kyautar komai ba, amma na yi wata biyu ko bayan gida ban shiga ni kaɗai ba. Abin da za ki kiyaye dai, kada a taka su, don ƙarƙashin ƙafa suke yini, kuma kada ki riƙe guda ɗaya tilo, kaɗaici na hana shi ci.

Shaho da hankaka da muzuru da gafiya, kun san su, ba sai na faɗa ba. Murar tsuntsaye ce nake so in tuna muku. Lokacin da ta fara ɓulla a Nijar a 2006, a Magarya aka tabbatar da ita, kuma a jikin agwagin gida. Tsuntsun ruwa na iya ɗauke da ita yana yawonsa. Duk sabon tsuntsun da kika sayo, ki ware shi sati biyu kafin ya haɗu da na gida, kada ki bar naki suna cuɗanya da na daji a bakin tabki, in kuma kika ga mutuwa ta yi yawa a kwana ɗaya ko biyu, a sanar da likitan dabbobi, kada a yanka a ci.

To ƴan uwana na Tasawa, mu koma ga akwati. Ku ɗauki alƙalami. Wata guda na kwanci, wata huɗu ko biyar kafin ɗan ya yi girman da za a kai shi kasuwa, in kuma iri kuke so ku tara, sai shekara ta zagayo. Bashin akwati kuwa wata nawa kuke ba juna? A ƙungiyoyi da yawa bai wuce ɗaya zuwa ukku ba. Ke nan ranar biya za ta zo dinya ba ta kawo ko dala ba, sai dai ci. Wadda ta ɗauka da me za ta biya, in ba ta sayar da akuyarta ba? Kuma ku tambayi kanku wa zai saya. Ba a kowace kasuwar ƙauye ake neman dinya ba, masu sayenta galibi mutanen birni ne masu son ta don ado da gadi. Wadda ta ganta a Yamai ta bugo wa masu gidan, ta ji inda suka sayo da wanda ke neman ƙari.

Ga abin da zan yi da ni ce ku. Ku bar maganar inji bana. Ku zaɓi mace guda mai agwagwa da garka, ku sayi ƙwai 5 ko 6 daga gidan da kuka gani da ido, da kuɗin da in ya salwanta ba wadda za ta kwana da yunwa, kuma ya zama na ƙungiya ba bashi bisa wuyan mutum ɗaya ba. Ku sa shi kafin ƙarshen Janairu in an samu. In ukku suka fito suka rayu, kun yi abin kirki, kada ku sayar, ku riƙe su iri, dinya tana kai shekara 15 tana raye. In duka suka zo jinsi guda sai ku yi musanya da wani mai kiwo. Ku rubuta ranar sawa, da abin da kuka gani ranar haskawa, da yawan da suka fito, ku aiko mini in karanta wa sauran ƙungiyoyi.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar zabin da ke mutuwa da farkon damana, don tambayoyi sun taru a kai daga wajen Madawa da Konni. Ku gaida mutanen gida.